Yurik Asid da Ƙwarin Ƙashi ga Mata Masu Amosanin Gaɓoɓi

(Kiɗan buɗe shiri)

   

Yau za mu yi magana ne a kan matan da ke fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda likitoci ke kira rumatoyid, da abin da wannan ciwo yake yi wa ƙashinsu, da kuma wani sinadari da ke cikin jinin kowa mai suna yurik asid. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, akwai maganganu biyu da ke yawo masu cin karo da juna. Ta farko, mace ta je gwajin jini saboda ciwon gaɓoɓi, wani ya duba takarda ya ce mata, "Ai yurik asid ne ya yi miki yawa." Daga nan a hana ta nama, a hana ta wake, wani lokaci har nono. Ta biyu kuma, an ce masu bincike sun gano cewa matan da yurik asid ɗinsu ya ɗan ɗaga sun fi ƙwarin ƙashi. To, wacce za a kama? Ku gyara zama. In akwai mai wannan larura a gidan, a kira ta ta ji da kunnenta.

Mu fara da ciwon kansa. Ciwon gaɓoɓi iri-iri ne, ko da yake mukan haɗa su duka mu ce sanyin ƙashi. Akwai na tsufa da yawan aiki, wanda guringuntsin gwiwa ko na ƙugu ke cinyewa a hankali. Akwai gawut, wanda za mu zo kansa. Akwai kuma rumatoyid. A wannan na uku, garkuwar jiki da Allah ya yi don yaƙar ƙwayoyin cuta ita ce take juyowa ta far wa siririn tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki. Tantanin ya kumbura, ya tara ruwa, ya ɗau zafi. In aka ƙyale shi sai ya ci guringuntsi, ya kai ga ƙashi, har yatsu su karkace.

Ku dubi yadda asuba take riskar mai wannan ciwo. An kira salla, ta farka, amma yatsun hannayenta biyu sun sandare, sun ƙi lanƙwasuwa. Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, mariƙin ya gagare ta, sai ta haɗa wuyan hannu biyu ta rungumo ta. Ɗaurin zani ya zama aiki. Sai hantsi ya dubi ludayi kafin gaɓoɓin su saki. Matse wanki, riƙe muciya, murɗa marfin kwalba, duk sai ta nemi taimako. Alamomin ke nan da za a riƙe: ƙananan gaɓoɓi na yatsu da wuyan hannu da ƙafa, dama da hagu a tare, kumburi, sandarewar safe da ke wuce rabin awa, da gajiya mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu mata ne.

To, ina ruwan ciwon gaɓa da ƙashin baya ko na ƙugu? Ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyin halitta da ke kankare tsohon ƙashi, akwai kuma waɗanda ke bin bayansu suna zuba sabo. A cikin kimanin shekara 10, kusan duk ƙashin baligi ya sabunta. Har zuwa wajen shekara 30 da haihuwa, zubi ya fi kankara yawa, ƙashi yana ƙara cika. Daga baya sai ma'aunin ya fara karkata. Idan kankara ta rinjayi zubi sosai, ƙashi yakan yi holoƙo, kamar azarar da gara ta ci ta ciki: daga waje lafiya lau, ranar da aka ɗora mata nauyi sai ta ɓalle. Wannan shi ne zaizayar ƙashi. Ba ta zafi, ba ta kumburi, sau da yawa karaya ce take fara sanar da ita. Nazarin da aka yi a kan mata masu rumatoyid ya nuna cewa zaizayar ƙashi ta kai kusan ninki biyu a cikinsu in aka kwatanta da tsararrakinsu marasa ciwon.

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su jawo haka.

Na farko, kumburin da kansa. Sinadaran da garkuwar jiki ke saki lokacin da ciwon ya tashi ba a gaɓa kaɗai suke tsayawa ba, jini yana ɗaukar su ya zaga da su, kuma suna zuga ƙwayoyin nan masu kankare ƙashi. Duk watan da mace ta yi ciwon yana ci ba tare da an shawo kansa ba, ƙashinta yana raguwa.

Na biyu, rashin motsi. Ƙashi yana ƙarfi ne idan ana ɗora masa nauyin jiki, ana tafiya, ana aiki. Wadda zafi ya zaunar da ita a kan tabarma wata da watanni, tsokarta tana zubewa, ƙashinta yana biye da ita.

Na uku, ɗaukewar jinin al'ada. Sinadarin mata da ake kira istirojin shi ne yake taka wa masu kankare ƙashi birki. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin ya ja baya, shekarun farko bayan haka su ne ƙashin mace ya fi saurin raguwa.

Na huɗu, kuma a nan nake so mu daɗe, maganin sitiroyid: firedinisolon, da deksametason wanda aka fi sani da deksa. A shekarar 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, wani likita mai suna Philip Hench ya yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon. Rumatoyid ya kwantar da ita, amma cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an samu waraka, har aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana a 1950. Ba a daɗe ba likitoci suka ga ɗaya fuskar maganin: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, da karayar ƙashi. Sitiroyid yana kashe gwiwar ƙwayoyin da ke zuba sabon ƙashi, yana rage yawan kalsiyam da hanji ke tsotsa, yana ƙara wanda ke fita a fitsari. Ɓarnarsa ta fi sauri a watanni uku zuwa shida na farko, kuma ko ƙaramin awo ne, in aka daɗe ana sha, yana taɓa ƙashi.

Mu faɗa wa juna gaskiya, wannan magani yana hannun jama'a fiye da kima. Ana zuwa kemis a ce "a haɗa mini na sanyin ƙashi," a ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna, a cikinsu akwai deksa. Ana sha a ji garau, gobe a koma. Akwai masu shan sa don ƙiba, cikin haɗin nan da ake kira sha-ka-fashe. Akwai mayukan bilicin da ke ɗauke da shi, fata tana tsotsa ya shiga jini. Iyayena mata, 'yan'uwana, sauƙin nan na yini ɗaya da ƙashinku ake biyan sa. Likita yakan ba da sitiroyid a rumatoyid, amma da awo, na ɗan lokaci, kafin maganin asali ya kama aiki. Wadda kuma ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke shi rana ɗaya, yin haka yana da haɗari ga rai. Ta je wurin likita a rage mata shi sannu a hankali.

Masu sauraro, za mu ɗan shaƙata. In mun dawo sai mu shiga zancen yurik asid.

(Gajeren kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan ƙashin mata masu amosanin gaɓoɓi na rumatoyid.

Mene ne yurik asid? A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu sinadarai da ake kira fiyurin. Idan ƙwayoyin jiki suka tsufa suka mutu, ko muka ci abinci mai fiyurin, hanta tana sarrafa shi, abin da ya rage shi ne yurik asid. Mafi yawansa jiki ne yake samar da shi da kansa, abinci kaso kaɗan yake kawowa. Ƙoda tana fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari, sauran ya bi ta hanji. A takardar gwaji, ga mace, ana cewa ya yi yawa idan ya haura miligiram 6 a desilita, wato kimanin 360 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Ga namiji kuwa sai ya haura 7. Idan ya wuce 6.8, jini ba ya iya narkar da shi duka, sai ya fara daskarewa ya zama tsinin gishiri a cikin gaɓa. Wannan shi ne gawut: cikin dare babban yatsan ƙafa ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafin da ko mayafi ba a so ya taɓa shi, bayan mako ɗaya ko biyu ya lafa.

Kun ga wannan daban, rumatoyid daban. Kama da wane ba ta wane. Wani likita a Landan mai suna Alfred Garrod shi ne ya nuna a 1848 cewa yurik asid ya yi yawa a jinin masu gawut, kuma shi ne a 1859 ya ware rumatoyid a matsayin ciwo mai zaman kansa. Yau sama da shekara 160 ke nan, amma har yanzu ana haɗa su. Gawut ya fi kama maza. Istirojin yana taimaka wa ƙodar mace ta fitar da yurik asid, shi ya sa da wuya a ga gawut ga macen da ke jinin al'ada. Bayan al'ada ta ɗauke sai awon ya ɗan hau. Saboda haka mace 'yar shekara 35 mai kumburin yatsun hannu biyu da sandarewar safe, in aka ce mata yurik asid ne aka sallame ta, akwai bukatar a sake dubawa.

Yanzu ga maganar binciken. Tun 1981 wani masani a Amurka, Bruce Ames, ya kawo hujjar cewa yurik asid yana da amfani a jini: yana kashe kaifin wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta, irin waɗanda kumburi ke yawaita su. Tunda waɗannan sinadarai suna cikin masu raunana ƙashi, sai masana suka tambayi kansu ko yurik asid yana ba ƙashi kariya. Aka auna mutane a Ostireliya da Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe, aka ga waɗanda awonsu ya ɗan ɗaga, amma bai fita daga iyaka ba, sukan fi cikar ƙashi. A 2020 likitoci a Koriya ta Kudu suka fitar da nazari a kan mata sama da 400 masu rumatoyid waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Su ma suka ga haka: waɗanda yurik asid ɗinsu ya fi sama sun fi cikar ƙashin ƙugu.

Wannan sakamako gaskiya ne, amma a kula da abin da ya faɗa. Ya ce ana samun abubuwan biyu a tare. Bai ce ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba. Mace mai jiki takan fi yurik asid, kuma nauyin jikinta yana sa ƙashinta ya fi cika. Wadda ciwo ya ramar, tsokarta ta zube, yurik asid ɗinta ƙasa yake, ƙashinta ma haka. Akwai maganin hawan jini mai sa fitsari, dangin tayazayid, da ke ɗaga yurik asid kuma yana rage zubar kalsiyam. Akwai maganin rumatoyid mai suna lefulunomayid da ke sauke shi. Duk waɗannan suna iya rikita lissafi. Don a warware, a 2015 wata farfesa a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan, Nicola Dalbeth, ita da abokan aikinta suka bi ta hanyar gado. Suka duba mutanen da aka haifa da ƙwayoyin gado masu ɗaga yurik asid. In da sinadarin ne yake gina ƙashi, da an ga ƙashinsu ya fi na sauran. Ba a ga haka ba.

Saboda haka babu likitan da zai ce mace ta ɗaga yurik asid don ƙashinta. In ya yi yawa yana jawo gawut, wanda shi kansa yake cin ƙashin gaɓa, yana jawo tsakuwar ƙoda, kuma yana tafiya tare da hawan jini da ciwon ƙoda. Haka kuma, wadda awonta ya ɗan haura amma ba ta taɓa yin gawut ko tsakuwar ƙoda ba, galibi ba a ɗora ta a kan maganin sauke shi. Likita zai duba ƙodarta da hawan jininta da magungunan da take sha. Lambar nan ta kan takarda manuniya ce da likita ke karantawa tare da sauran bayanai. Abin da ke cin ƙashin mai rumatoyid su ne abubuwa huɗun da muka lissafa, kuma uku daga cikinsu akwai abin da za a iya yi a kansu.

To, me za a yi?

Da farko, a kashe wutar ciwon da wuri. Kumburin gaɓoɓi da ya kai mako shida bai tafi ba, a je asibiti. Akwai gwajin jini na musamman da ake yi, ko da yake wasu masu ciwon gwajin ba ya nuna komai, sai likita ya gane da hannunsa da idonsa. Ƙwararrun likitocin gaɓoɓi ba su da yawa, an fi samun su a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Maiduguri, don haka a nemi takardar turawa. Watannin farko su ne masu daraja, gaɓar da ta riga ta karkace ba ta dawowa. Babban maganin asali shi ne metotirekset. A saurara da kyau: sau ɗaya a mako ake shan sa, rana guda tak, tare da folik asid kamar yadda likita ya tsara. Shan sa kullum yana iya kisa. Mai ciki ba ta shan sa, mai neman haihuwa kuma ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, akwai magungunan da za a canza mata.

Na biyu, abinci. Mace mai wannan larura tana bukatar kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Abincinmu na hatsi ba ya kawo wannan. A wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999, an gano yara masu gwamewar ƙafa suna samun kimanin miligiram 200 kacal a rana, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashinsu ya gyaru. Tukunyar da yaran suke ci ita iyayensu mata suke ci. Kofi ɗaya na madara yana da kusan miligiram 300. Don haka nono da kindirmo da madara, in an tafasa an tsabtace, abokan ƙashi ne, kuma suna ma taimakawa wajen sauke yurik asid. A ƙara da miyar kuka, da zogale, da riɗi. Wake ba ya jawo gawut, kada a hana mara lafiya shi. Abin da mai yawan yurik asid za ta rage shi ne kayan ciki irin hanta da ƙoda, da yawan jan nama, da lemon kwalba mai zaƙi. A sha ruwa sosai, musamman lokacin zafi. Taba da shisha kuwa suna ƙara tsananin ciwon, suna raunana ƙashi.

Na uku, rana da motsi. Jiki ba ya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D, fata kuma take haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Mace ta fito tsakar gida da hantsi ta ɗan zauna, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Ta riƙa tafiya kullum gwargwadon ƙarfinta, ko da zagayen tsakar gida ne. Ranar da gaɓa ta kumbura a huta, ranar da ta lafa a motsa.

Na huɗu, a kiyaye faɗuwa. Santsin banɗaki, dokin ƙofa mai tsawo, silifas da ya suɗe, fita alwala cikin duhu: a nan ƙugu yake karyewa. A sa fitila, a kafa abin dafawa, a ajiye kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi a wurin alwala.

Na biyar, a nemi a auna ƙashi. Duk wadda ta yi wata uku ko fiye tana shan sitiroyid, ko al'adarta ta ɗauke, ko ta taɓa karyewa daga ɗan tuntuɓe, ko aka ga tsawonta ya ragu bayanta ya fara ranƙwafawa, ta tambayi likita batun ƙashinta. Akwai na'urar auna cikar ƙashi a wasu manyan asibitoci, inda babu kuma likita yana iya ƙiyasta haɗarin daga shekaru da nauyi da tarihin jinya. Akwai magani mai rage karaya, irin alendironet. Shi ma sau ɗaya a mako ne: da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na rabin awa, ba kwanciya, ba karin kumallo. In an samu karaya, kada a tsaya ga ɗori kaɗai, a je asibiti a binciki dalilin da ya sa ƙashin ya karye da sauƙi haka.

Kalma ta ƙarshe ga maza: magidanta, 'ya'ya, 'yan'uwa. Wannan ciwo ba lalaci ba ne, ba raki ba ne, ba kuma jifa ba ne. Jinya ce mai tsawo da ke bukatar kuɗin magani kowane wata, da zuwa asibiti a kan lokaci, da wanda zai ɗauke mata tuƙin tuwo ranar da hannu ya ƙi. Ku raka ta wurin likita, ku tafi da duk ledojin maganin da take sha, har na kemis da na gargajiya, a zube a gabansa ya gani. Ku yi masa tambayoyi uku: wane irin ciwon gaɓoɓi ne wannan, akwai sitiroyid a cikin abin da take sha, kuma me ake yi don kare ƙashinta?

A nan za mu dasa aya. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba.   

(Kiɗan rufe shiri)